Igiyar Zarge da Karen Farauta Mai Ja: Yadda Ake Haɗa Ta da Iyakar Amfaninta

A Beji da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bosso ta jihar Neja, kamar yadda yake a yawancin ƙasar Hausa da maƙwabtanta, farauta da karnuka aiki ne na rani, wanda yake kankama bayan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, daji ya buɗe. A cikin kayan mafarauci babu abin da ya kai igiyar riƙe kare arha, kuma saboda arhar tata ne ba a cika tsayawa a yi nazarinta ba, alhali kuwa tana zama ne a kan wuya, inda numfashi da jini suke bi. Ruɗanin da ake samu a kanta iri uku ne. Wasu suna ganin kowace igiya aka yi wa zarge ta wadatar, wasu suna ganin zafin shaƙa shi ne yake koya wa kare daina ja, wasu kuma suna ɗaukar zarge kowane iri a matsayin azabtarwa wadda ba ta da wani uzuri. Wannan sharhi zai bi waɗannan batutuwa ɗaya bayan ɗaya, ya nuna yadda ake haɗa igiyar da ba ta cutarwa, sannan ya fayyace abin da igiya take iya yi da abin da sai horo ne yake yin sa.

Ma'anar Kalmomi

Zarge shi ne ɗaurin da ake yi wa igiya ta yadda bakinta ɗaya zai zama kafa, a zura sauran igiyar ta cikin kafar, sai a sami da'ira wadda take tsukewa idan an ja, take kuma buɗewa idan an sassauta. Igiyar zarge, a ma'anar da ake nufi a nan, igiya ce guda ɗaya wadda ta haɗa aiki biyu, domin ɓangarenta ɗaya yana kewaye wuyan kare, ɗaya ɓangaren kuma yana hannun mai shi. Ta bambanta da abin wuya, wato maɗaurin fata ko na ƙyalle mai ƙarfi wanda faɗin da'irarsa ba ya sauyawa, kuma sai an ɗaura masa wata igiya dabam kafin a ja kare da shi. Ta kuma bambanta da sarƙar shaƙa, wadda ƙarfe ce da ake yi wa zarge da niyyar ta matse wuya.

Akwai wasu kalmomi uku da za su riƙa fitowa. Birki kalmar aro ce daga Ingilishi wadda aka saba ji a kan mota da keke, kuma a nan ana nufin ɗan guntun fata ko ƙulli da ake sa wa a jikin igiya domin ya tsayar da zoben da igiyar take bi ta cikinsa a wani wuri. Nailan, ita ma kalmar aro ce, tana nufin zaren da masana'antu suke sarrafawa daga sinadaran man fetur, wanda a kasuwa aka fi kiran igiyarsa da igiyar roba. Ɗamarar ƙirji kuwa ita ce maɗaurin da yake bi ta ƙirji da bayan ƙafafun gaba, ya ɗauke nauyin ja daga wuya ya mayar da shi kan gangar jiki.

Dalilin da Ya Sa Mafarauta Suke Son Zarge

Beji tana kan hanyar Minna zuwa Zungeru, a yankin da Gwari da Fulani da Hausawa da Nufawa suke cuɗanya, kuma an san ta da kasuwar mako-mako ta dabbobi da amfanin gona. Dajin da ke kewaye da ita na doguwar ciyawa ne da itatuwa jefi-jefi, inda ake samun zomo da gyazbi da gafiya da kurege da makwarwa, kuma akasarin waɗannan namu ne masu tashi ba zato, su ɓace cikin ƙiftawar ido. Mafarauci yana bukatar abin da zai riƙe karensa a kan hanya, ya wuce da shi ta cikin gari da gefen garken shanu da tumaki ba tare da ya jawo masa rigima ba, sannan idan an isa wurin farauta ya sake shi cikin sauri. Igiyar zarge tana biyan wannan bukata, kuma tana da wata fa'ida wadda ba kowa yake lura da ita ba, wato idan an cire ta kare yana shiga daji da wuyansa fayau, babu abin da reshe ko sarƙaƙiya za su maƙale.

Wannan dalili ne ya sa aka san irin wannan igiya a wurare masu nisa da juna. A Ingila, gasar tseren karnuka a bayan zomo da ake kira Waterloo Cup, wadda aka fara a 1836 aka kuma yi ta ƙarshe a 2005 kafin dokar da ta hana irin wannan wasa ta fara aiki, tana da mutum na musamman wanda aikinsa shi ne ya riƙe karnuka biyu da igiya ɗaya, ya sake su a lokaci guda idan zomo ya ba da tazara. Har yau masu harbin tsuntsaye a can sun fi amfani da igiyar zarge ga karnukan da suke ɗauko musu abin da suka harbo, sai dai waɗannan karnuka ne da aka riga aka horar su tafi a gefen mai su ba tare da sun ɗame igiya ba.

Ga mafarauci Musulmi akwai ƙarin dalili na shari'a. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kama, hadisin Adiyyu ɗan Hatim wanda Buhari da Muslim suka ruwaito ya shardanta sakin horarren kare tare da ambaton sunan Allah, kuma littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun tafi a kan cewa mafarauci ne zai aika karen, har Muhtasar ya ambaci sakinsa daga hannu. Idan kare ya fizge da kansa ya kashe nama kafin a riske shi a yanka, to an rasa wannan sharaɗi. Saboda haka igiyar da take riƙe kare har zuwa lokacin da mai shi ya yi niyya ya yi bisimilla tana da alaƙa da halaccin abin da za a ci, kuma karen da yake ja har ya ƙwace bai kai matsayin horarre ba tukuna.

Abin da Yake Sa Kare Ja

Ja ba taurin kai ba ne a mafi yawan lokuta, kuma dalilansa sanannu ne. Na farko, tafiyar da ta fi yi wa kare daɗi ita ce sassarfa, wadda ta fi tafiyar mutum sauri, don haka duk lokacin da aka haɗa su da igiya ɗaya sai ɗaya ya saɓa wa ɗabi'arsa. Na biyu, karen farauta an zaɓe shi ne saboda zafin nama da bin ƙanshi, kuma da zarar ya ga an ɗauko gora da barandami, ya ji haushin sauran karnuka, sai jikinsa ya ɗauki rawa tun kafin a bar ƙofar gida. Na uku, dabba takan tura jikinta gaba idan ta ji ana janyo ta baya, domin ta tsare daidaiton tsayuwarta, saboda haka mai janyo igiya da ƙarfi yana ƙara wa karen dalilin ja ne ba tare da ya sani ba.

Dalili na huɗu shi ne mafi ƙarfi, kuma daga wurin mutum yake fitowa. Duk lokacin da kare ya ja aka bi shi, ya sami abin da yake so, wato ci gaba zuwa daji, kuma abin da ya biya bukata shi ne dabba take maimaitawa. Idan aka haɗa wannan da halin karen da yake wuni ya kwana a turke tsawon damina, ba a fita da shi sai ranar farauta, za a gane dalilin da ya sa shaƙa ba ta hana shi ja, domin ɗokin da ke gabansa ya fi zafin da ke wuyansa ƙarfi, har yakan saba da zafin ya riƙa tafiya yana kakari.

Abin da Zarge Yake Yi wa Wuya

A gaban wuyan kare akwai maƙogwaro, wanda bututu ne na guringuntsi da iska take bi, a gefensa kuma akwai manyan jijiyoyin da suke kai jini kai da waɗanda suke dawo da shi, sannan daga baya akwai ƙasusuwan wuya da lakar da ke cikinsu. Zargen da ba shi da birki ba shi da iyakar tsukewa, don haka gwargwadon ƙarfin jan kare gwargwadon yadda igiyar take nutsewa a kan waɗannan gaɓoɓi. Ƙa'idar da ke bayan wannan mai sauƙi ce: idan ƙarfi ɗaya ya sauka a kan wuri siriri, matsinsa ya fi tsanani a kan idan ya bazu a wuri mai faɗi, kuma idan aka ninka faɗin abin da ya taɓa fata, matsin yana raguwa da kusan rabi. Duk wanda ya taɓa jan guga mai nauyi da siririyar igiyar roba ya san abin da take yi wa tafin hannu, kuma wuyan kare bai fi tafin hannu juriya ba.

Binciken likitocin dabbobi ya ƙarfafa wannan. Wani nazari da aka buga a 2006 daga Jami'ar Wisconsin ta Amurka ya gano cewa matsin ruwan cikin ido yana hauhawa idan kare ya ja da abin wuya, amma ba ya hauhawa haka idan da ɗamarar ƙirji ya ja. Wani kuma da masu bincike na Jami'ar Nottingham Trent ta Ingila suka fitar a 2020 ya gwada nau'o'in abin wuya bakwai da igiyar zarge ɗaya a kan wuyan gwaji da aka ƙera, sakamakon ya nuna cewa nau'o'in sun bambanta ƙwarai wajen matsi, amma babu ko ɗaya da matsinsa ya sauka har a ce ba shi da haɗari ga karen da yake ja.

Yanayin ƙasar Minna yana ƙara wa lamarin nauyi. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa, kuma watannin Maris da Afrilu, lokacin da farauta take kan ganiyarta, su ne zafi yake kusantar digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Karen da aka takure wa maƙogwaro a irin wannan rana an rage masa hanyar sanyaya jiki, sai ya isa daji a gajiye tun bai fara aiki ba. Alamun da suke nuna an yi ɓarna sun haɗa da busasshen tari, da kakari, da jan ido, da harshe ya yi duhu, da zubewar gashi a kewayen wuya, da gyambon da ƙuda suke bi, kuma duk karen da ya nuna ɗaya daga cikinsu ya kamata a cire masa igiyar a kai shi wurin likitan dabbobi.

Kayan Haɗi da Yadda Ake Zaɓensu

Abu na farko shi ne igiyar kanta, wadda ya kamata kaurinta ya kai milimita 10 zuwa 12, wato kimanin kaurin ƙaramin yatsan babban mutum, tsawonta kuma mita biyu ko ɗan fiye, domin idan aka cire abin da mariƙi da ɗaurin zobe za su cinye a sami kusan mita ɗaya da rabi. Kowace irin igiya tana da halinta. Ta rama tana da ƙarfi amma tana da kaushi tana sabuwa, sai an jiƙa ta an murza ta ta yi laushi, kuma raɓa takan ruɓar da ita idan ba a shanya ta. Ta kaba tana da kaifi, ba ta dace da wuya ba. Ta auduga ita ce mafi laushi, sai dai tana kwasar ƙarangiya, wadda idan ta maƙale ta cikin da'irar za ta yi ta sukar fata, don haka sai an riƙa duba ta. Siririyar igiyar roba da ake ɗaure kaya da ita ita ce mafi muni, saboda santsinta yana sa ta tsuke nan take, gogarta kuma tana ƙona fata, amma nailan mai kauri wanda aka saƙa kamar kitso yana da laushi kuma yana jure ruwa.

Abu na biyu shi ne zoben ƙarfe mai santsi wanda aka liƙe bakinsa da walda aka goge wurin, domin zoben da bakinsa yake a buɗe yana cin igiya yana kuma tsinke gashi. Kafarsa ta fi kaurin igiyar da kyau, yadda za ta riƙa zirarewa ba tare da ta cije ba. Abu na uku shi ne fata iri biyu, wadda kowane baduku zai iya yankawa: ƙirgi mai kauri domin birki, da jemammiyar fatar akuya mai laushi domin rufin wuya. Sai basilla da zare mai ƙarfi, da ɗan man kaɗe na shafe fata, wanda ba ya wuyar samu a jihar Neja.

Yadda Ake Haɗawa

Jerin aikin yana da muhimmanci, domin idan aka riga aka yi mariƙi ba zai shiga ta cikin zobe ba. Ana farawa da zura bakin igiya ɗaya a cikin zobe, a naɗo shi baya kamar tsawon yatsa, a ɗinke shi da jikin igiyar, a naɗe wurin da zare sosai. Idan nailan ne akan ƙona bakinsa da wuta don kada ya warware, amma tun da wurin da aka ƙona yana daskarewa ya yi kaifi, wajibi ne a ɓoye shi a ƙarƙashin naɗin. Daga nan sai a yanka ƙirgi guda biyu masu kauri, kowanne faɗinsa ya fi kafar zobe, a huda su a tsakiya da huda mai matsewa. Ana zura na farko a igiyar ta ɗaya bakin, wannan shi ne birkin ciki, sannan a zura bakin igiyar ta cikin zobe domin da'ira ta samu, sannan a zura na biyu, wato birkin waje, daga ƙarshe kuma a naɗe bakin da ya rage a yi mariƙi wanda hannu zai shiga a sake. Idan an gama, zoben zai kasance yana kai da komowa ne tsakanin birki biyu kawai.

Birkin ciki shi ne ya raba wannan igiya da tarko, kuma a jikin karen ake auna wurinsa. Ana sa da'irar a saman wuya, a tsuke ta a hankali har ta zauna daidai yadda yatsa ɗaya zai shiga tsakaninta da fata, a gwada janyo ta ta kai a tabbatar ba ta wuce kunnuwa ba, sannan a yi alama a ɗinke birkin a wurin yadda ba zai ƙara motsawa ba. Wannan gwaji yana da amfani musamman ga karnukan farauta na gida, waɗanda kansu siriri ne bai fi wuyansu kauri sosai ba, don haka suna iya ja da baya su zare. Birkin waje kuwa ba a ɗinke shi, ana barin sa ya riƙa motsi da ƙyar, domin aikinsa shi ne ya hana da'irar buɗewa ta zame zuwa kafaɗa, kuma ana tsayar da shi inda yatsu biyu za su shiga a sake.

Sa birkin ciki yana buɗe wata dama wadda zargen gargajiya ba shi da ita. Tun da ɓangaren igiyar da ke tsakanin zobe da birkin ciki ba ya ƙara bi ta cikin zobe, ana iya faɗaɗa shi yadda ake so. Baduku zai yanka fatar akuya mai faɗin yatsu huɗu, ya shimfiɗa ɗan tsumma mai laushi a ciki, ya naɗe igiyar da ita tun daga gindin zobe har zuwa birki, ya mayar da ɗinkin ta waje don kada ya goga fata, sai a sami ɗan matashi mai faɗin kusan yatsu biyu a maimakon igiya zalla. Ana shafa masa man kaɗe kaɗan lokaci zuwa lokaci don kada hunturu ya busar da shi ya tsattsage, a kuma rataye shi sama inda ɓera da karen kansa ba za su kai ba.

Wajen sanyawa ma akwai daidai da kuskure. Idan kare yana tafiya ta hagun mai shi, igiyar da ta fito daga hannu ta bi ta cikin zobe, ta haye saman wuya, ta sauka ta can gefen, ta zagayo ta ƙarƙashi ta dawo ga zoben, domin a haka ne nauyin zobe yake sa da'irar ta saki da zarar an sassauta. Idan aka juya ta, takan zauna a tsuke ko da kare ya daina ja. Ba a naɗe igiya a wuyan hannu, saboda fizgar babban kare tana iya kayar da mutum ko ta targaɗa shi. Mafi muhimmanci, ba a ɗaure kare a turke ko a gindin itace da zarge, ba a kuma bar masa shi a kan babur ko a bayan mota, domin idan ya yi tsalle ko ya kewaye turken babu mai sassauta masa.

Saɓanin Ra'ayi

Masu ra'ayi na farko, waɗanda suka haɗa da mafarauta da dama da wasu masu horar da karnukan tsaro, suna ganin fizga ɗaya mai kaifi a saman wuya ta fi dogon lallashi tasiri, kuma hujjarsu ita ce kare yana ladabtuwa nan take. Gaskiyar da ke cikin wannan ita ce igiyar da ta zauna a bayan kunnuwa tana ba mutum iko fiye da wadda ta zame ƙasa, inda kare yake samun ƙarfin kafaɗunsa. Rauninta kuwa shi ne wannan iko daga zafi yake fitowa, domin wurin yana kusa da kan maƙogwaro, kuma karen da ya haɗa zafi da ganin igiya ko da ganin wasu karnuka yana iya zama matsoraci ko mai cizo.

Masu ra'ayi na biyu, waɗanda akasarinsu likitocin dabbobi ne da ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi, suna ganin karen da yake ja bai kamata a ɗora masa komai a wuya ba, ɗamarar ƙirji ce ta dace da shi. Wasu ƙasashe sun shigar da wani ɓangare na wannan ra'ayi cikin doka, misali Suwizalan ta haramta abin wuya mai tsukewa wanda ba shi da birki. Abin da mafarauta suke kuka da shi game da ɗamara shi ne cire ta yana ɗaukar lokaci, barin ta a jiki kuma yana sa ƙaya ta kama kare, sannan idan ta baya aka ɗaura igiyar kare yakan ja da dukkan ƙarfinsa. Maganin wannan na ƙarshe shi ne a ɗaura igiyar ta gaban ƙirji, yadda duk lokacin da ya ja sai jikinsa ya juyo gefe.

Akwai kuma dabaru biyu na tsaka-tsaki. Ɗaya ita ce a sa wa kare abin wuya mai faɗi, a zura doguwar igiya ta cikinsa a riƙe bakinta biyu, idan lokaci ya yi a saki baki ɗaya ta zare da kanta. Wannan ta fi kowace hanya saurin saki, amma tana barin abin wuya a jikin kare cikin daji. Ɗayar ita ce a murɗa da'irar zarge ta zama biyu, a sa ɗaya a wuya ɗaya a kan hanci kamar ragamar doki, wadda take rage ja ƙwarai, sai dai tana iya murɗe wuya idan kare ya zabura, tana kuma takura haki idan ta matse, don haka ba ta dace da doguwar tafiya cikin rana ba.

Horo da Abin da Zai Biyo Baya

Idan aka auna waɗannan ra'ayoyi za a ga cewa igiya mai kyau tana rage illa ne kawai, daina ja kuwa sai an sauya abin da kare ya koya. Hanyar ita ce a mayar da ja abin da ba ya biyan bukata: da zarar igiya ta ɗame sai mai shi ya tsaya cik, ko ya juya ya nufi wani gefe, idan ta saki sai a ci gaba, a yaba wa karen, a ba shi ɗan abin da yake so kamar guntun ƙashi mai nama ko busasshen kifi. Ana yin wannan na ɗan gajeren lokaci kullum, a fara a cikin gida inda babu abin da zai ɗauke masa hankali, sannan a ƙofar gida, sannan a hanyar gona, daga baya a gaban wasu karnuka. Damina ce lokacin wannan aiki, tun da ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a tsawon horon ya fi kyau a riƙa fita da karen da ɗamarar ƙirji, a ajiye zarge sai ya iya tafiya da igiya a sake. Ɗan kwikwiyo, da tsohon kare, da mai tari ko ciwon ido, ba a sa musu zarge ko da mai birki ne.

Amfanin wannan ya wuce jin daɗin dabba. Karen da ya isa daji da numfashinsa cikakke ya fi gudu da juriya, wanda ya saba tsayawa a hannu kuma ya fi sauƙin kaiwa allurar rigakafin haukan kare, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan dukkan mutanen da suke kamuwa da ita daga karnuka suke samunta, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa allurarta. Ta fuskar zamantakewa, karen da yake a hannu ba ya afka wa tumakin makiyayi ko kajin maƙwabci. Ta fuskar doka da addini kuwa, kundin Final Kod na Arewa ya tanadi hukunci ga mai azabtar da dabbar gida, kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne ga kowa.

Kammalawa

Igiyar zarge da ta dace da karen farauta ita ce mai kauri da laushi, mai zobe mai santsi, mai birki biyu da aka auna a jikin karen, wadda aka faɗaɗa ɓangaren wuyanta da fata, kuma duk kayan haɗinta ana samunsu a wurin mai igiya da mai walda da baduku. Wurin amfaninta shi ne tafiya zuwa daji da sakin kare a lokacin da ya dace, a hannun mutumin da yake lura da ita. Mafaraucin da karensa yake ja har yanzu yana da ayyuka biyu a gabansa, ya sa birki a igiyarsa tun yau domin ya kawar da haɗarin shaƙewa, sannan ya ware watannin damina ya koya wa karen tafiya a gefensa kafin kakar farauta ta gaba.